Yadda ake adana burodi da kek marasa gulutin a firiza ba tare da sun marmashe ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar 'yata mai shekara tara tana da cutar siliyak, wadda gulutin ke yi wa hanjin mai ita lahani, an hana ta duk abin da ke da gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama da danginta. Ina saya mata burodi da kek da biskit na musamman a kanti. Matsalar ita ce burodin ba ya kwana biyu sai ya yi tauri, ko da na sa shi a firij. Na taɓa jefa guda sukutum a firiza, da na fito da shi na zo yankawa sai ya marmashe a hannuna. Ita kaɗai ke ci, rabi kullum asara yake. A ina nake kuskure, kuma wanne ake sa wa a firiza, wanne ba a sa wa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya, ke kuma Ya saka miki da wannan ɗawainiya. Aikina ke nan, duba ingancin kayan gashi tun daga fitowarsu wuta har su isa hannun mai ci, kuma kusan duk mai sayen irin wannan burodi ya taɓa yin kukan da kike yi.

Da farko dai ki fitar da burodin nan daga firij, kada ya sake komawa, don firij ɗin ne ke taurara shi. Wurin zamansa biyu ne kacal: a waje cikin ledarsa idan za a cinye shi yau zuwa gobe, ko kuma a firiza. Na biyu, duk yankan da ya fito daga firiza sai ya ga wuta kafin ya shiga baki. Sauran bayanin a kan waɗannan biyun ya rataya.

Yawancin mutane sun ɗauka burodi na yin tauri ne saboda ya bushe. Bushewa na da nata rabon, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tun a 1852 wani masanin kimiyya Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya rufe burodi ruf a mazubin da iska ba ta shiga ba ta fita. Ruwan cikinsa bai je ko'ina ba, amma duk da haka ya yi tauri. Da ya ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sai laushin ya dawo. Abin a cikin sitaci yake faruwa. Lokacin gashi, ƙwayoyin sitaci na shan ruwa su kumbura su saki jiki, shi ne laushin da kike ji a sabon burodi. Da ya fara hucewa sai zarurrukan sitacin su soma jeruwa suna manne wa juna, suna matse ruwan da suka sha suna turo shi gefe. Kashi ɗaya na sitacin, amilos, yana gama nasa cikin 'yan sa'o'i, kuma wannan alheri ne, don shi ke sa burodi ya tsaya da ƙafarsa har a iya yanka shi. Ɗayan, amilofektin, a hankali yake yi, kwana da kwanaki, shi ke kawo taurin da ya dame ki.

Wannan jeruwa ta fi sauri a sanyin da ya kusa daskarewa amma bai kai ba, wato daidai inda firij yake, tsakanin digiri 1 zuwa 5. Kin san yadda ragowar dafaffiyar shinkafa ke kwana a firij ta tashi da tauri, ƙwaya-ƙwaya, da an turara ta kuma ta koma lafiya lau. Abu ɗaya ne ke faruwa da burodin. A firiza kuwa, a digiri 18 ƙasa da sifili, ruwan ya zama ƙanƙara, zarurrukan ba su da damar motsi, sai aikin ya kusa tsayawa cik.

Burodin alkama ma yana yin wannan tauri, amma shi yana da abin da ke rufa masa asiri. Gulutin, wanda furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rayi, yana saƙa wata raga mai danƙo a cikin ƙulli, ita ke riƙe iska da ruwa, ita ke sa ki ja burodi ya miƙe maimakon ya karye. Na 'yarki ba shi da wannan raga. Ki juya ledar ki karanta abin da aka haɗa, za ki ga garin shinkafa, sitacin masara, na dankalin turawa, na rogo, wani lokaci da garin dawa ko gero. Sai a ɗaure su da wani abu mai yauƙi, irin su zantan ko guwa ko ɓawon siliyum ko farin ƙwai. Suna ƙoƙari, amma ba su kai gulutin riƙo ba. Saboda haka idan sitacin ya taurare babu abin da zai tallafe shi, sai ya tashi daga tauri ya koma marmashi. Ga shi kuma ƙullinsa ya fi na alkama ruwa nesa ba kusa ba, abin da ke sa fumfuna ta yi saurin kama shi idan ya daɗe a waje, musamman lokacin zafi da laima. A waje fumfuna, a firij tauri. Shi ya sa na ce firiza.

Kafin a kai ga firiza, ki san wane iri kika sayo, don ba hukunci ɗaya suke da shi ba.

Akwai wanda ke kan kanta cikin leda mai kauri, an rubuta masa wa'adin makonni ko watanni. Wannan an zuƙe iskar cikin ledar ne aka maye gurbinta da wadda fumfuna ba ta rayuwa a ciki, yawanci kabon dayoksaid da naitirojin. Muddin ba a buɗe ba, ledar ba ta huje ba, ki bar shi a kabad, kada ki ɓata wuri a firiza. Amma ranar da kika yaga ledar, wancan dogon wa'adin ya daina aiki, kin koma lissafin kwana biyu ko uku, kuma galibi an rubuta hakan a ƙananan haruffa a baya. Wasu kamfanonin suna raba burodi ɗaya zuwa aljihu biyu a leda don a buɗe rabi a bar rabi, idan kin samu irin wannan ya fi wa gida mai mutum ɗaya.

Akwai wanda a daskare ake sayar da shi. Shi ne na fi so, domin an daskarar da shi jim kaɗan bayan gashi, da injin da ya fi na gida sauri. Ki ɗauke shi a ƙarshen sayayya, ki kai gida kai tsaye, in da kula ki sa a ciki. Ki ɗan latsa ledar tun a kanti. Idan kin ga garin ƙanƙara ya taru a ƙasanta, ko yankan sun dunƙule sun zama curi guda, ruwa ba ya tsami banza: ya taɓa saki a hanya aka sake daskarar da shi. Ki ɗauki wani.

Sai sabon gashi na ranar. Shi ya fi daɗi, shi ya fi saurin lalacewa, ranar da kika sayo shi ranar za ki raba shi. Ki lura kuma, wasu kantunan suna karɓar kaya a daskare su narkar su jera kamar sabo. Idan an rubuta kada a sake daskararwa, ki saya daidai cin kwana biyu. Kuma idan a wurin ana gasa na alkama, an jera su kusa da juna a buɗe, da abin ɗauka guda, ni dai ba zan saya wa mai siliyak ba ko me aka rubuta a allo.

Tunda an zo kan rubutu: "babu alkama" daban, "babu gulutin" daban, don abu na iya rasa alkama ya ƙunshi molt, wato tsiron sha'ir, shi ma mai gulutin. Ƙa'idar rubuta "babu gulutin" da Codex, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin abinci, ta tsayar a 2008 ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kowane kilo na abinci. Tarayyar Turai a kan wannan adadi take, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta ɗauke shi a 2013. Ostareliya da makwabciyarta Niyu Zilan sun fi tsanani, su sai gwaji bai ga komai ba.

Yanzu ga aikin kansa. Tun ran gini tun ran zane: yankan da ba ki yi kafin daskarewa ba, ba zai yi kyau bayanta ba. Idan burodin bai zo a yanke ba, ki sa wuƙa mai haƙora, ki riƙa ja kina turawa ba tare da dannawa ba, ki yi yankan da ɗan kauri, kamar santimita ɗaya da rabi. Siriri karyewa yake yi. Ki ware na yau da na gobe, sauran duk firiza, a ranar, ba sai kin ga ya fara tauri ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, mutum ya bar burodi har kwana uku sannan ya ce bari in ceto ragowar. Yadda kika sa shi haka za ki same shi, ko ƙasa da haka.

Yankan suna manne wa juna fiye da na alkama saboda damshinsu, kuma wajen ɓamɓarewa ne rabi ke karyewa. Hanya biyu ce. Ko ki yayyanka takardar gashi ki sa tsakanin kowane yanka da ɗan'uwansa, ko ki shimfiɗa su ɗai-ɗai a faranti ki sa a firiza awa ɗaya zuwa biyu, idan sun yi ƙarfi ki tattara. Ta biyun ta fi, domin yanka ɗaya a shimfiɗe yana daskarewa da wuri. Kada dai ki manta su a buɗe su kwana. Daga nan ki haɗa bibbiyu, ko daidai abin da take ci a zama ɗaya, ki naɗe da ledar naɗe abinci ta lafe a jikinsu, sannan ki jera ƙunshin a jakar firiza mai zif. Ki ja zif ɗin saura ɗan ƙofa, ki shafa da tafin hannu iska ta fita, ko ki sa tsinken shan lemo ki zuƙe, sannan ki rufe. Ledar da ya zo da ita daga kanti ita kaɗai ba ta isa ba da zarar an buɗe ta. Masu injin zuƙe iska kuma su yi hattara, yana matse burodi mai laushi ya lotse, sai an fara daskarar da shi tukuna. Ki rubuta kwanan wata a jiki. Ki ajiye can ciki, ba a ƙofa ba, inda ɗumi ke bugunsa duk lokacin da aka buɗe, kuma kada a ɗora masa daskararriyar kaza a kai.

Daga nan za ki ga abin da ya sami wancan da kika jefa sukutum. Curi guda yana ɗaukar sa'o'i da yawa kafin sanyi ya kai tsakiyarsa, duk tsawon lokacin nan cikinsa na zaune a wancan yanayi irin na firij inda tauri ya fi sauri. Daskarewa a hankali kuma manyan ƙwayoyin ƙanƙara take haifarwa, ruwa kuwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ƙanƙarar ta yayyaga 'yan bangayen da ke tsakanin ramukan burodin, waɗanda dama ba gulutin a jikinsu. Da kika fito da shi ya sake bi ta wannan yanayi a hankali wajen saki. Sau biyu ke nan. Sannan aka sa masa wuƙa yana sanyi, bai ga wuta ba. Da kin naɗe shi a takardar alminiyum kin sa a obin ya yi zafi har ciki, kin bari ya ɗan sha iska kafin yanka, da an ceci mafi yawansa.

Idan kin ga wani gefe ya yi fari ya bushe ƙamas, ga kuma garin ƙanƙara a cikin jakar, wannan ƙunar firiza ce. Ƙanƙarar nan ruwan burodin ne da ya fita daga jikinsa ya taru a leda, kuma ba ya komawa. Ba ya cutarwa, daɗin ne ya tafi, a yanke wurin a ci sauran. Iskar da aka bari a jaka ce ke jawo shi, kuma firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ta fi yin sa, domin sanyinta hawa da sauka yake. Naɗi biyu shi ne maganinsa, shi ne kuma ke hana burodi kwasar warin kifi ko albasa.

Batun daɗewa, abin da ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili ba ya ruɓewa, ingancinsa ne ke raguwa. Burodi ya fi daɗi a cikin watan farko, yana iya kai wa uku idan naɗin ya yi kyau. Shawarata kada ki tara fiye da cin wata ɗaya, ko da kin samu rangwame. Ki nemi ɗan ma'aunin sanyi ki jefa a firizar, don da yawa ba sa kai sanyin da masu su ke zato.

Sai fitarwa, inda daɗin yake. Tunda zafin digiri 60 ne ke warware sitacin, barin yanka a faranti ya saki da kansa rabin aiki ne: ƙanƙara ta narke, taurin na nan. Daga firiza kai tsaye zuwa wuta. Idan tosta ce, ki rage mata ƙarfi ki yi zagaye biyu, na farko ya sassauta ciki, na biyu ya gasa baya. Wuta mai ƙarfi sau ɗaya ƙona gefe take yi ta bar tsakiya da sanyi. Kada ki jira ya yi ja sosai, wasu irin ba sa saurin canja launi, kafin ya yi ja ya bushe.

Idan babu tosta, kasko ya wadatar, ni har na fi son sa. Ki ɗora a wuta kaɗan, ki kwantar da yankan, ki ɗiga ruwa kamar rabin ƙaramin cokali a gefen kaskon, ba a kan burodin ba, ki rufe da murfi. Minti ɗaya zuwa biyu tururin zai ratsa shi. Ki buɗe, ki ɗan sa bota, ki juya, ki bari ƙasan ya yi ruwan zuma. Ki latsa tsakiya da yatsa: idan ya lotsa ya dawo, ya yi. Idan kin ji wani ɗan ƙulli mai sanyi, ki ƙara rufewa. Za ki ga ya tanƙwaru ba tare da ya karye ba, abin da ba zai yi ba mintuna biyar da suka wuce.

Ƙananan dunƙulallun burodi kuma obin suke so. Ki yayyafa musu ruwa da yatsu, ki naɗe a takardar alminiyum, digiri 180, minti 10 zuwa 15, ki buɗe naɗin a minti uku na ƙarshe ɓawon ya yi ƙarfi. Waɗanda aka sayar da rabin gashi don a ƙarasa a gida, ki bi abin da aka rubuta a jiki, ki ƙara 'yan mintuna idan daga firiza suke. Maikirowef na ranar sauri ne: ki naɗe yanka a jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu, daƙiƙa 15 zuwa 20, a ci nan take. Idan ya wuce haka ya koma roba, idan ya huce ya fi da tauri. Duk hanyar da kika bi, abin da za a ci kawai za ki ɗumama, don kowane ɗumi na korar ruwa, kuma wanda aka ɗumama ya huce yana komawa tauri da sauri fiye da farko. Sau ɗaya yake karɓar wannan gyara da kyau.

Za ki ce to na makaranta fa, wanda sai ya yi sa'o'i a jaka? Masu burodin alkama kan haɗa abinsu da daskararren yanka ya saki a hanya. Da wannan burodi ba ya yi. Ki gasa shi sama-sama da safe, ki jingina yankan a tsaye su huce, don idan kika kwantar da mai zafi a faranti ƙasansa zai yi gumi ya jiƙe. Ki shafa bota har gefe-gefe ta tare ruwan abin da za ki sa a ciki, ki naɗe da kyau. Tumatir da duk mai ruwa a sa su daban. Idan akwai ƙwai ko nama a ciki, a haɗa da ɗan ƙunshin ƙanƙara a jakar.

Akwai magana guda da ta fi duk waɗannan nauyi, tunda siliyak ce ba zaɓin ci ba. Sanyi ba ya kashe gulutin, wutar tosta ko ta obin ma ba ta kashe shi, don ba ƙwayar cuta ba ce, furotin ne. A wani bincike da Carlo Catassi da abokan aikinsa suka yi a Italiya, aka buga a 2007, miligiram 50 na gulutin a kullum har kwana 90 ya isa ya yi wa bangon hanjin masu siliyak lahani. Wannan adadi bai cika abin da ke cikin giram ɗaya na burodin alkama ba, ɗan gutsure ne kawai. Kuma lahanin na iya faruwa ko yarinya ba ta yi ciwon ciki ba. Saboda haka tostar da 'yan gida ke gasa na alkama ba tata ba ce, ƙasanta cike yake da ɓarɓashi. Ko a saya mata tata, ko a riƙa sa yankan a jakar tosta da ake sayarwa don wannan, ko a koma kasko wankakke. A obin ki shimfiɗa sabuwar takarda a tire. A firiza kayanta su hau saman, na alkama a ƙasa, domin ɓarɓashi ƙasa yake zuba, kuma in da hali ki ware mata roba mai murfi da sunanta a jiki. Katakon yanka nata daban, don tsagin katako na riƙe gari. Wurin da aka fi mantawa shi ne robar bota da kwalbar jam: wuƙa ta shafi burodin alkama ta koma ciki, shi ke nan an gama da ita. A ba ta nata.

Kek ya fi burodi sauƙin hali. Mai da sukari da ƙwai suna rage wa sitaci saurin taurara, don haka kek da mafin (ƙaramin kek na kofi) da burawni (kek ɗin cakulan) suna fitowa daga firiza kusan yadda suka shiga, har wata biyu zuwa uku. Wanda aka yi da garin almon ya fi kowa jurewa, tunda sitacinsa kaɗan ne. Ki yanka rabo-rabo ki naɗe kowanne daban. Shi ba dole sai ya ga wuta ba, ko da yake ɗan ɗumi na ƙara wa mafin daɗi. Ki bar shi a cikin naɗinsa awa ɗaya ko biyu ya saki, raɓar ta taru a bayan leda maimakon a jikinsa. Mai ado a kai kuma akasin haka ne: ki sa shi a buɗe adon ya yi ƙarfi kafin naɗi, sannan ki cire naɗin tun yana daskare, in ba haka ba ledar ta tafi da adon. Adon bota da sukari yana jure firiza. Kastad, da kirim ɗin da aka buga, da jeli, da ɗanyun 'ya'yan itace a sama, duk ruwa suke tsatsowa idan sun saki, a cinye su sabo. Waɗannan su ne kaɗai ke da hurumin zama a firij, saboda abin da ke kansu na lalacewa a waje. Ki riƙa ajiye yanka biyu ko uku na kek ɗin da ta fi so a firiza. Ranar da aka gayyace ta taron yara, sai ta tafi da nata, ba ta zauna tana kallon bakin mutane ba.

Sauran a gurguje. Biskit mai ƙaras-ƙaras ba ya bukatar firiza, gwangwani mai rufuwa sosai yake so, idan ya yi laushi minti biyar a obin mai digiri 150 zai farfaɗo da shi. Kukis masu taushi suna daskarewa lafiya. Donot mai sukari a baya yana fitowa da danƙo, marar ado ya fi. Faffaɗan burodin naɗi sai da takarda tsakanin kowanne, kuma kada a naɗe abinci a cikinsa sai ya yi rabin minti kowane gefe a busasshen kasko, in ba haka ba tsagewa zai yi. Gindin fiza daga firiza ake jera masa kaya a tura obin mai zafi. Ƙarshen burodi da gutsattsarin da suka karye kuma ki tara su a jaka guda a firiza. Idan sun taru ki busar a obin ki niƙa, kin samu garin shafa wa kaza ko kifi marar gulutin. Yankan da ya riga ya yi tauri, a tsoma shi a ƙwai da madara a soya, ya ma fi sabo karɓar wannan.

Wataƙila za ki ci karo da masu cewa daskarar da burodi na rage hawan sukari a jini. Maganar ta samo asali daga wani ƙaramin gwaji a jami'ar Oxford Brookes ta Ingila a 2008, a kan mutum goma, kuma da farin burodin alkama aka yi. Kada ki gina komai a kansa game da na 'yarki.

Saura batun ɗaukewar wuta. Firiza cikakkiya tana riƙe sanyinta kusan awa 48 idan ba a buɗe ta ba, mai rabin kaya kusan awa 24, don haka idan da sarari ki cike shi da robobin ruwa su daskare, kuma a bar ƙofar a rufe. Idan wuta ta dawo kika tarar burodi ya saki, ba shi da haɗari, ana iya mayar da shi, sai dai ya ƙara bi ta yanayin taurin nan, ki sa shi a gaba a fara cinye shi, da gashi. Mai kirim ko kastad ko nama a ciki hukuncinsa daban: idan ya wuce awa biyu a sama da digiri 4, a zubar. Ki kuma duba kowane yanka a haske kafin ya shiga firiza, domin sanyi kwantar da fumfuna yake yi, ba ya kashe ta, da ya saki za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Idan kin ga ɗigo ɗaya kore ko fari mai gashi-gashi, kada ki yanke wurin ki ba ta sauran. Burodi ramuka ne da shi, saiwar fumfuna na ratsawa nesa da inda ido ke gani, duk ledar za ki zubar.